Jitar Da Na Saya Wa Ɗan Ƙanwata

A kowace majalisa akwai mutum guda da ya naɗa kansa alƙalin kiɗa. Ba ya kiɗa, ba ya waƙa, ko tafi aka ce a yi sai nasa ya saɓa da na jama'a, amma da zarar an kunna waƙa shi ne zai fara taɓe baki. A majalisarmu ta Tunga, nan Minna, ni ne wannan mutumin. Na daɗe a kan kujerar, kuma ba na tuna ranar da wani ya zaɓe ni.

Hujjata ita ce na tashi da Shata da Ɗan Maraya Jos a rediyon mahaifina, na yi samartaka da kaset-kaset na Bob Marley da Majek Fashek da Lucky Dube. Daga nan na kafa wa kaina doka: kiɗa shi ne wanda hannu ya taɓa fata ko tsirkiya. Abin da ya fito daga fiyano kuwa danne-danne ne. Tun zamanin fim ɗin Sangaya nake gaba da waƙoƙin nanaye. Da Auto-Tune ya shiga sitidiyoyin Kano, muryoyin mawaƙa suka koma siririn nan mai karkarwa, sai na raɗa wa abin suna: kukan sauro a gwangwani. Na sha faɗar wannan magana, ana dariya, ni kuma ina jin kaina.

Cikin 2021 na ci karo da Mdou Moctar a YouTube. Ba'abzine ne daga Nijar, da rawaninsa da doguwar rigarsa, yana kaɗa jitar lantarki da hannun hagu. A watan Mayun shekarar kamfanin Matador na New York ya fitar da albam ɗinsa mai suna Afrique Victime. Waƙar da aka sa wa albam ɗin sunanta ta haura minti bakwai. Tana farawa a hankali, sai mai ganguna Souleymane Ibrahim ya riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan, Ahmoudou Madassane yana riƙe da zaren kiɗan da tasa jitar, Mikey Coltun, Ba'amurken da ya taso cikin 'yan kiɗan punk na Washington, yana tokare su daga ƙasa da bes, har a kai inda jitar Mdou za ta ɓalle ta bar kowa a baya. Ga kuma abin da ake faɗa: halin da Afirka ke ciki da hannun waɗanda suka jefa ta. Na ji na samu abin da nake nema tun rasuwar Lucky Dube.

Na ɗan yi karatu a kansa, irin karatun da mutum ke yi don ya samu abin faɗa a majalisa. Na ga sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ɗan yankin Abalak da Cintabaraden a jihar Tawa. Na ga gidansu ba su so ya yi kiɗa ba, shi ya sa ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, bayan ya ga Abdallah Oumbadougou yana wasa. Na ga jaridun Turawa na kwatanta shi da Jimi Hendrix. Na kuma ga cewa Ilana: The Creator, wanda aka ɗauka a Detroit ya fito a 2019, shi ne albam ɗinsa na farko a sitidiyo tare da cikakkiyar ƙungiya. Idona ya ɗauki “na farko a sitidiyo”, ya tsallake ragowar jimlar, domin ragowar ba ta da amfani a wurina. Da waɗannan 'yan guntayen na ɗinka wa mutumin tarihi sukutum: daga wayar birki ya miƙe sambal zuwa Amurka, bai taɓa raɓar fiyano ba, bai taɓa bari na'ura ta taɓa masa murya ba. Ban karanta haka a ko'ina ba. Ni na ƙirƙira, na kuma gaskata kaina.

Ina da ɗan ƙanwa, yaro mai ladabi, wanda da rana yake gyaran waya da tura waƙoƙi a wani shago wajen Obasanjo Complex, da dare kuma ya nufi wani ɗan sitidiyo ta ɓangaren Bosso. Nanaye yake yi. Abin da ke kawo masa ɗan kuɗi shi ne waƙar biki: a ba shi sunan amarya da ango da iyaye da ƙawaye, ya jera su cikin baiti. Burinsa ya haɗa waƙoƙinsa na kansa wuri guda ya fitar da albam. Mahaifiyarsa ta yi mini maganar, ni kuma a gabanta na yi alkawarin biyan kuɗin sitidiyo. Na yi alkawarin ne don zumunci, ko waƙa ɗaya tasa ban taɓa zama na saurara ba.

Ana cikin haka aka sa ranar auren babbar 'yata. Yaron ya yi mata waƙa kyauta, da kuɗin aljihunsa. Wani dare bayan isha'i ya zo majalisa, ya durƙusa ya gaida kowa, ya ce, “Kawu, na kawo maka ka fara ji kafin a kai cikin gida.” Ya haɗa wayarsa da 'yar sifika. Fiyano ya tashi, gangar na'ura ta biyo, sai ga muryarsa da karkarwar nan. Ya ambaci amarya, ya ambaci ango. A baiti na biyu ya shiga ambaton kakar amarya, mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta. Daidai nan na miƙa hannu na kashe.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na gyara zama. Na ce masa wannan ba murya ba ce, kwamfuta ce ke waƙa shi yana buɗe baki. Na maimaita maganar sauro, mutum biyu suka yi dariya, dariyar ta ƙara mini mai. Na cire wayarsa na haɗa tawa, na kunna Afrique Victime, na sa shi ya tsaya ya ji ta daga farko har ƙarshe, yana durƙushe. Da ta ƙare na ce, “Ka ji namijin kiɗa. Wannan maƙwabcinmu ne, ba Bature ba. Duniya ta san shi ne saboda bai taɓa shiga irin sitidiyonku ba. In aka samu ya taɓa yin wannan shirmen naku ko sau ɗaya, a canza mini suna.”

Ya ce, “To Kawu. Na gode.” Ya naɗe wayar sifikarsa a hannu ya tafi.

Kuɗin sitidiyo kuma ban ba shi ba. Na ga ai bai dace in zuba kuɗina a abin da na gama zagi ba, don haka na sa aka nemo mini jita ta hannu, na aika masa da ita, da saƙon cewa ya koyi kiɗa na gaskiya. A raina har na ga ranar da zai tsaya a dandamali yana gode wa kawunsa. Ƙanwata ta kira ni ta ce, “Yaya, ai da kuɗin ka ba shi.” Na ce mata ba za ta gane ba. Ranar kamu kuwa, daga waje ina jiyo waƙar da na kashe tana tashi a cikin gida, mata na amshi, ana sake maido ta. Na girgiza kai na ce wa na kusa da ni jahilci babu kyau.

Akwai wani gida da ake ginawa a layinmu, mai gadinsa Ba'abzine ne daga wajen Tawa. Nakan tsaya wurinsa shan shayi, kuma tunda na gano Mdou na mayar da shi abin tausayi, kullum sai na kunna masa waƙoƙin ɗan ƙasarsu ina yi masa bayaninsu, yana gyaɗa kai. Wata yamma na same shi yana fifita gawayi, 'yar butarsa a kai, ƙaramar wayarsa mai madannai, wadda aka ɗaure murfinta da roba, tana jingine da bulo tana waƙa. Gangar na'ura ce mai taku ɗaya, da jita marar lantarki can ƙasa-ƙasa, da muryar namiji da Auto-Tune ya ja ta ya lanƙwasa. Ban ma tsaya na lura cewa ba da Hausa ake yi ba. Na karɓi kofi na ce, “Haba, kai ma? Kuna da Mdou Moctar a ƙasarku, ka zauna kana jin kukan sauron Kano?”

Ya ɗago ya dube ni, bai daina fifita ba. Ya ce, “Malam, wanga ai Mdou na.”

Na ce wane Mdou.

Ya ce, “Naka. Wanda kaka kunna muna kullum. A Sakkwato yay yi ta, tun ina saurayi. Da ita munka yi bukin wana.”

Na yi dariya, irin wadda mutum ke yi kafin ya san abin da zai ce. Na ce mai yiwuwa wani ne mai irin sunan. Bai yi mini gardama ba. Ya ɗaga butar sama ya tsiyaya shayi a kofi, ya mayar cikin buta, ya sake tsiyayawa, ya bar waƙar tana tafiya. Rashin gardamar nan shi ya kashe ni, domin ya bar ni da kunnena. Karo na farko na saurari waƙa irin wannan ba don in samu abin kushewa ba. A ƙarƙashin karkarwar na ji muryar. Ita ce. Yadda yake jan ƙarshen baiti ya sauke shi, yadda yatsunsa ke komawa kan 'yan sautuka kaɗan suna zagaye su, duk na san su, na yi wata da watanni ina koya wa mutane su. Kofin na hannuna yana ƙona ni ban ajiye ba. Abin da ya fara zuwa mini ba Mdou ba ne, ba kuma kunyar mai gadi ba. Yaron ne a durƙushe, minti bakwai, da hannuna da ya kashe waƙa daidai kan sunan mahaifiyata.

Har a lokacin ina neman mafita. Na koma gida na buɗe waya da fatan in ga an ce waƙar ƙuruciya ce da shi kansa ya yar. Abin da na tarar a fili yake, a shafukan da na riga na buɗe a baya, layi kaɗan ƙasa da inda nake tsayawa. Albam ɗinsa na farko sunansa Anar. A 2008 ya ɗauke shi, a Sakkwato, a irin sitidiyon da ake buga waƙoƙin fina-finan Hausa, da gangar na'ura da Auto-Tune. Ga ɗan jihar Tawa wannan ba abin mamaki ba ne: ka bi ta Ƙwanni ka tsallaka Illela, ka shiga Sakkwato. Babu kamfanin da ya fitar da albam ɗin a lokacin. Waƙoƙin sun bazu ne daga waya zuwa waya, ta Bluetooth da memori, a tashoshin mota da wuraren shayi, har suka kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya daga ciki, Tahoultine, a wayoyin mutane. Ya sa ta cikin faifan Music from Saharan Cellphones da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya bi sawu har ya gano mai waƙar. Waƙar da ke tashi jikin bulo ke nan.

Duk abin da ya biyo baya ta wannan ƙofar ya bi. Afelan a 2013, wanda aka ɗauka kai tsaye a ƙasarsu. Anar ɗin kansa, da aka buga a faifai a 2014. Fim ɗin da suka yi a Agadas ya fito a 2015, wanda aka gina kan Purple Rain na Prince. Sannan Detroit, sannan Matador, har zuwa Funeral for Justice a 2024. Wato abin da na rantse cewa rashinsa ne ya kai shi duniya, shi ne ya kai shi.

Ba zan ce Anar ya fi Afrique Victime ba, don kada in gyara ƙarya da wata ƙaryar. Gangar na'urar ba ta numfashi, ba ta iya yin abin da Souleymane ke yi na tura waƙa gaba har ta kusa kifewa, kuma jitar da ta sa aka san shi kusan a ɓoye take a ciki. Amma albam ɗin ya nuna abin da ƙarar lantarki kan rufe a na baya: mutumin marubucin waƙa ne kafin ya zama gwanin jita. Karin da ya shiga kan mutum ta sifikar waya mai madannai, cikin hayaniyar tasha, ba tare da hoton mai shi ko cikakken sunansa ba, ya tsallaka ƙasashe da ƙafarsa, wannan kari ne mai ƙarfi. Siririyar muryar da nake zagi ma tana da aikinta, domin ita ce ke fita tar a irin wannan sifikar, inda kaurin bes ke nutsewa. Masu sitidiyon Sakkwato da Kano sun san na'urar da za a ji aikinsu a kanta, sun yi shi daidai ita. Ni da nake da babbar sifika a falo ban taɓa tunanin haka ba.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne na san irin wannan labarin sarai, amma a kan wani. Na san Bob Marley bai faɗo daga sama da gashinsa da Exodus ba. Da ska ya fara, kiɗan rawa mai sauri da 'yan Jamaika suka ƙera suna kwaikwayon abin da suke ji daga Amurka. Simmer Down, da ƙungiyarsa ta Wailers ta yi a Studio One na Coxsone Dodd, ita ta kai su saman jerin waƙoƙin Jamaika a farkon 1964, suna samari masu askakken kai da kwat. Na san ska ɗin nan ya tsallaka Ingila ya haɗu da punk a hannun irin su The Specials a 1979. Na sha ba da wannan tarihi a majalisa ina yaba yadda kiɗa ke aron kiɗa. Aron da Jamaika ta yi wa Amurka hikima ne a wurina. Aron da Kano ta yi wa Indiya, da wanda ɗan Abalak ya yi wa Kano, shirme. Bambancin kawai shi ne na farkon a littafin Turanci na gan shi, na biyun kuma a wayar 'yar aikin gidanmu nake jin sa.

Ko tubar tawa ma da na duba ta sai na ga tsutsa a ciki. Me ya sa na fara ganin girman Anar a daren nan? Na ji muryar a wurin shayi, gaskiya ne, amma ban sallama ba sai da na ga Kirkley, daga can Portland, ya buga shi a faifai. Har na ƙara samun cewa kamfanin nan ya fitar da tarin waƙoƙin fina-finan Hausa a 2013 mai suna Harafin So, da muryoyin su Fati Nijar da Abubakar Sani a ciki, na ji wani sanyi a raina, kamar yanzu ne aka halatta mini su. Matan da suka yi ta maido waƙar yaron ranar kamu ba su jira Portland ba. Mai gadi bai jira ba. In kai ma kana cikin masu cewa waƙar Hausa ta zamani ba ta jiyuwa, sai ranar da ka ga baƙo na rawa da ita a intanet ka fara turawa abokai, to kujerarmu ɗaya, tawa dai ta fi kusa da sifika.

Na ɗauki lokaci kafin in faɗa a majalisa, kuma da na faɗa ban samu rangwame ba. Wanda ya fi kowa dariya a daren farko shi ya tuna wa jama'a rantsuwata. Suka cika mini ita. Yau ko yaran layi Malam Nanaye suke ce mini, wasunsu ba su ma san dalili ba.

Wurin yaron ya fi wuya. Na same shi a shago da waya a buɗe a gabansa, yana riƙe da ɗan ƙarfen like. Na zauna a benci na kwashe labarin Sakkwato da Tahoultine na ba shi, da shekaru da sunaye, har na lura na sake komawa lacca na yi shiru. Ya ajiye abin hannunsa ya ce, “Kawu, ai na sani. Muna da ita a kwamfutar shago tun da daɗewa, 'yan Nijar na zuwa a tura musu.”

Na ce to me ya hana ka faɗa a daren.

Ya ce, “A gaban mutane, Kawu?”

Ya rufa mini asirin da ni ban rufa masa ba, yana da abin da zai kayar da ni da shi a aljihunsa. Na ba shi haƙuri, ya ce babu komai, irin babu komai ɗin da yaro ke ce wa babba. Na kawo maganar kuɗin sitidiyo, ya ce ya riga ya haɗa waƙoƙin da abin da ya tara lokacin kamfen na 2023, da 'yan takara ke neman mawaƙa ido rufe. Jitar kuma tana sitidiyo. Wani abokinsa da ya koyi kaɗawa a coci ne ke ɗora musu ita a kan fiyano, kuma mutane na son haɗin.

Bana aka sa ranar ƙanwar waccan amaryar. Na bi ta hannun mahaifiyarsa na ce ina son ya yi mata waƙa, a sa sunan kakarta. Ta dawo mini da amsa: akwai kuɗin sitidiyo, akwai na mai amshi, akwai na mai jita, kuma ana ba da rabi kafin a fara. Na ce babu ragin gida? Ta ce, “Yaya, ragin gida ai kai ka kashe shi da hannunka.” Na tambaye ta lambar asusun.